Godiya ga kantin maganin da ya ƙi karɓar kuɗina

Assalamu alaikum.

Na daɗe ina juya wannan wasiƙa a raina, kunya ke hana ni rubutawa, domin kafin in yabi waɗanda zan yaba sai na fara tona wa kaina asiri. To amma wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba, kuma abin da aka yi mini a wani kantin magani da ke Mabera, a nan birnin Sakkwato, ya wuce in haɗiye shi ni kaɗai. Ban sa sunan kantin ba saboda mai shi ta hana ni. Mutanen unguwa dai za su gane, wanda ke da benci biyu a ƙarƙashin dogon yaro.

Ni ma'aikaciyar rigakafin shan inna ce, cikin waɗanda kuke gani da akwatin sanyi a kafaɗa da alli a hannu, muna bi gida gida muna ɗiga wa yara magani. Tun 2020 aka bayyana cewa Najeriya ta rabu da ainihin ƙwayar cutar, amma zagayen bai tsaya ba, kuma a ƙafa ake yin sa, tun safe har bayan azahar. Wanda ya san Sakkwato a watan Afrilu ba sai na yi masa dogon bayani ba. Ma'aunin zafi ya wuce 40, wata rana ya tasam ma 45, ƙofar ƙarfe ba ta taɓuwa, silifas ɗin roba sai ya yi laushi a ƙafarki kamar an dafa shi.

Ga tonon asirin. Wata bakwai kafin zagayen Afrilu aka sa ranar bikin ƙanwata, sai wata ƙawa ta kawo mini wani mai a cikin farar roba, ba suna, ba takarda, wai “haɗi” ne, ba bilicin ba ne, yana dai fito da asalin kalar mutum. Ya fito da ita kuwa. Cikin sati uku na yi fes, a wurin biki har ana tambayata wace mai gyaran jiki na je. Biki ya ƙare, ni ban daina ba, domin duk ranar da na tsallake sai fuskar ta hau ƙaiƙayi. Daga baya ƙuraje suka feso a goshi da haɓa. Na je wani kemis, yaron da ke ciki ko ɗago kai daga wayarsa bai yi ba, ya miƙo mini wani kafso ya ce in sha safe da yamma. Da wannan kafson a cikina da wannan man a fuskata na shiga ranar Afrilu.

Rana ta biyu da yamma fuskata ta ɗauki wuta. Ba ta yi ja ba, kuma nan ne na ruɗe, domin a tunanina ƙunar rana ciwon Turawa ne, su da kan koma kamar tumatir. Tawa duhu ta ƙara, ta yi tauri tana ƙyalli kamar bayan tukunya, ko gefen hijabi ya goge ta sai na ji har cikin kaina. Bayan hannuwana ma haka. A rana ta huɗu fatar ta fara saɓa, ga ƙananan ƙuraje masu ruwa a kan karan hanci. Innata ta ce kambun baka ne tun na biki, maƙwabciya ta ce in matsa lemun tsami, wata ta ce in murje da dilka mataccen ya fita. Lemun na gwada. Allah kada ya maimaita mini wannan daren.

Kanti uku na shiga kafin in iso inda nake godiya. A na farko an sayar mini da wani tub mai “uku cikin ɗaya”, wai yana maganin komai. A na biyu matar da ke wurin ta dube ni sama da ƙasa ta ce da ƙarfi, gaban maza uku da ke jiran canji, “Ku dai 'yan bilicin ba ku jin magana,” sannan, abin mamaki, ta jawo wani man bilicin ɗin daga kanta ta ce wannan ya fi kyau, ɗan waje ne. Na fita ina haɗiye hawaye. A na uku ko barina in gama bayani ba a yi ba. Duka ukun babu wanda ya tambaye ni me nake shafawa, me nake sha, wane aiki nake yi. Kowa hannunsa na kan kanta idonsa na kan jakata.

Na shiga na huɗun ne da niƙabi, abin da ban saba sawa ba, na ce a ba ni man da zai goge baƙin fuska, ko nawa ne. Yarinyar da ke kan tebur ta ce in dakata, ta leƙa ciki ta kira Hajiya, wadda ita ce mai haɗa magungunan. Hajiya ta fito, mace mai ɗan shekaru, da tabarau rataye a wuya. Ba ta ce in ɗaga niƙabi a nan ba. Cewa ta yi, “Ƙanwata, taho mu shiga ciki, nan akwai mutane.” Wallahi tun daga wannan kalmar na ji wani abu ya sauka daga ƙirjina.

Ta zaunar da ni, ta kunna fanka, ta sa aka kawo mini ruwa. Da na buɗe fuska ba ta yi salati ba, ba ta riƙe baki ba. Ta wanke hannu, ta juya haɓata wajen haske, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, “Sannu. Mi kika shahwawa? Kuma mi kika sha? Hwaɗa min duka, ba hwaɗa ni ka yi miki ba.” Na zazzage jakata a kan teburinta: farar robar haɗi, tub ɗin da aka sayar mini, sabulu, da ragowar kafso. Kafson ta fara ɗauka. Ta ce sunansa doksisaikilin, magani ne mai kyau a inda ya dace, amma sananne ne cewa yana sa fata ta kasa jure rana, kuma duk wanda ya ba da shi ya kamata ya faɗi haka. Sai ta juya tub ɗin ta nuna mini wata kalma da farce, kulobetasol, ta ce sitiroyid ne mai ƙarfin gaske wanda ba a yi shi don a riƙa shafawa a fuska kamar man kitso ba, yana sirantar da fata, yana kawo ƙuraje da nankarwa da jijiyoyin nan da ke fitowa kore kore. Ita kuwa farar robar, ta shinshina ta ajiye, ta ce ba wanda zai iya rantsuwa da abin da ke ciki sai an kai ɗakin gwaji, amma yawancin irin waɗannan haɗin ba sa wuce sitiroyid da haidurokwinon, wato sinadarin da ke dusashe launin fata, wani lokaci har da zaiba, wadda ke iya taɓa ƙoda.

Bayanin da ta yi mini kan baƙar fata shi ne ban taɓa ji ba duk da shekarun da na yi ina aikin lafiya. Ta ce sinadarin da ke ba mu launi, melanin, lema ce da Allah ya ba mu, yana tare wani kaso na hasken rana mai ƙuna, shi ya sa ba mu saurin ƙonewa kamar farar fata. Amma lema ce, ba rufin kwano ba, rana tana ratsawa. Ni kuma na yi wata bakwai ina yayyage tawa lemar, na ƙara da kafso, na fita tsakar rana. Ta ce a jikinmu ƙunar ba ta cika nuna ja ba, da zafi da tauri da ƙaiƙayi da saɓa ake gane ta, kuma babbar matsalarmu ba ƙunar ba ce, tabon da take bari ne, domin fatarmu duk inda ta ji ciwo sai ta ƙara zuba launi a wurin. Shi ya sa lemun tsami da dilka da soso suke ƙara dagula lamarin. Lemun ma, in ji ta, in ya haɗu da rana shi kansa ƙona fata yake.

Sai na ce to a ba ni magani. Ta ce a'a. Abin da ta rubuta mini a bayan wata takarda, ga shi har yau a jakata: tsumma mai tsabta a jiƙa da ruwan sanyi na randa a ɗora minti goma zuwa sha biyar, sau da yawa a yini, ban da ƙanƙara, ruwan alobera tsantsa wanda ba turare a ciki, kada a fasa ƙurajen, kada a ɓare saɓar, a sha ruwa sosai, farasitamol in zugi ya dame ni. Ta ce kada in lafta basilin yanzu da wurin ke da zafi, yana riƙe zafin a ciki, man kaɗanya ma in bari sai wutar ta mutu. In zazzaɓi ya zo, ko jiri, ko ƙurajen suka yi mugunya, kada in jira gobe. Kafson ta ce in daina sha tunda ba likita ya rubuta ba. Game da sitiroyid ɗin kuwa ta ce wannan ya wuce hurumin kanti, domin fuskar da ta saba da shi wata da watanni takan yi bore in an yanke mata lokaci guda, likitan fata ne zai tsara yadda za a janye. Ta rubuta mini 'yar takarda zuwa asibitin koyarwa da jerin duk abin da na shafa da wanda na sha, don kada kunya ta sa in rage wani abu a gaban likita. Ta san halinmu.

Na fito da kuɗi, dubu goma na riƙo da niyyar kashewa. Abin da aka karɓa kuɗin farasitamol ne da alobera kawai. Na ce to kuɗin ganin Hajiya fa? Yarinyar ta yi dariya ta ce ba a biya. Mun fi minti arba'in a ciki, ga masu saye suna jira.

Na ga likita, an tsara mini, sauran labarin na haƙuri ne. Sati biyun farko fuskar ta yi boren da aka faɗa, na koma wurin Hajiya ina kuka ina cewa gara in koma wa haɗina. Ta riƙe hannuna ta ce, “Ki yi hanƙuri, wagga ita ta wahalar, in kin wuce ta kin wuce.” Ita ta koya mini amfani da man kare rana: in duba wanda aka rubuta SPF 30 ko sama da haka, in matsa tsawon yatsu biyu don fuska da wuya, in sake bayan awa biyu in ina waje, in sake kuma bayan alwala tunda ruwa ya wanke. Na farkon da na gwada ya mai da ni kamar wadda ta faɗa buhun gari, yaran gidan da na shiga rigakafi har gudu suka yi. Da na kai ƙara ta yi dariya har da tafa hannu, ta nemo mini mai ɗan launin ƙasa, ta ce wannan ma ya fi dacewa da masu tabo, domin yana tare har hasken da ido ke gani, wanda shi ma yana ƙara wa tabon baƙar fata duhu. Ta kuma ce kada in raina malfa da lema da inuwa, musamman daga goma na safe zuwa huɗu na yamma, su ba sa ƙarewa a kwalba.

Abin da ke ci mini rai shi ne, me ya sa sai a kanti na huɗu? Abin da Hajiya ta yi ba sihiri ba ne, tambaya ce kawai ta yi kafin ta miƙo. A garin nan kowa ya samu shago da kanta ya zama likita, an bar yaro ɗan sakandare yana raba maganin da ko sunansa bai iya karantawa ba. A WhatsApp da TikTok kuwa masu haɗi sun cika, kowace da robarta da hoton kafin da bayan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa fitar da cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Najeriya suna amfani da mayukan ƙara haske, a 2023 kuma NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ta ce lamarin ya zama matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa baki ɗaya. To an faɗa, mun ji. Amma ki shiga kasuwa yau ki ga ko robobin sun ragu. Man da ke ɓata fata ya fi wanda ke kare ta araha da sauƙin samu. Ni mai ɗan alawus ina kukan tsadar man kare rana, ina ga zabiya, waɗanda su a wurinsu rana ba maganar tabo ba ce, maganar kansar fata ce? Ina ga ɗan kabu-kabu da mai tallan ruwa da ke yini a titi? Mu kanmu masu rigakafi, ana ba mu horo kan yadda za mu kare magani daga zafi, har da ɗan tambarin jikin kwalba da ke sauya launi in ya sha zafi, amma ban taɓa jin an ce ga yadda mai ɗauke da kwalbar za ta kare kanta ba.

Yanzu wata biyar ke nan. Kalata ta dawo, baƙa kamar yadda Inna ta haife ni, saura tabo biyu a kumatu da likita ya ce sai a hankali. Hajiya, Allah ya saka da alheri, ya jiƙan mahaifa, ya albarkaci zuri'a da kasuwa. Ke ma yarinyar kan tebur da kika ce in dakata maimakon ki miƙo mini wata robar, Allah ya ba ki miji nagari. Kilishin da na kawo kuka ce ya yi yawa, na bar shi a kan benci da gangan, ba mantawa na yi ba.

Wassalam,
Wata ma'aikaciyar rigakafi, Sakkwato.