Masu Haɗa Kwamfuta, Ku Sassauta Hannu a Kan Furosesa

Assalamu alaikum Edita,

Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida domin in yi magana da matasan da suka fara haɗa kwamfutar tebur da kansu. A matsayina na mai sana'ar gyaran kwamfuta abin yana burge ni. Sai dai akwai ɓarnar da take yawan zuwa teburina, kuma kusan kullum a wuri ɗaya ake tafka ta: wajen ɗora furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) a kan madabod (babban allon da ake jona duk kayan ciki) da ɗaure mata ƙarfen sanyaya, wanda fanka ke jikinsa.

Musun da nake ji a bakinsu duk a kan man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ne, na wane kamfani ya fi, ɗigo za a yi ko layi. Ni kuwa ban cika ganin na'urar da mai ya kashe ba. Nauyin hannu ne yake kashe su.

Tun 2004, da fitowar soket mai suna LGA 775 (soket shi ne gurbin da furosesa ke zama a kan madabod), kamfanin Intel ya ɗauke allurai daga ƙasan furosesa ya mayar da su cikin soket. Kamfanin AMD ma ya bi sahu a kwamfutocin tebur na gama-gari a 2022 da soket ɗinsa na AM5, mai allurai 1718. Siraran ƙarafa ne a karkace, kowanne yana jiran ya taɓa ɗigonsa a ƙasan furosesa. In ta kuɓuce daga yatsa ta faɗa da kusurwa, shi ke nan, wasu sun lanƙwashe. Wani lokaci kwamfutar ta ƙi tashi sam, wani lokaci ta tashi amma ta ƙi ganin rabin RAM, wato ma'ajiyar aiki ta wucin gadi, mai ita ya yi ta zargin wanda ya sayar masa. Kuma da wuya kamfani ya karɓi irin wannan a garanti. A tsohon soket ɗin AMD na AM4 alluran 1331 suna jikin furosesar ce, amma ƙa'idar ɗaya ce. A riƙe ta ta gefe, a nemi ɗan alwatikan da ke kusurwarta, a daidaita shi da na soket, a ajiye ta a hankali. Da kanta take zama. In ba ta zauna ba, a ɗaga a sake dubawa, kada a danna, kada a goga ta hagu da dama.

Inda ƙarfi yake da hurumi shi ne sandar kulle furosesa a soket. Tana da tauri, har sabon shiga ya kan tsorata, amma haka aka yi ta. Baƙar robar nan da ke rufe alluran sabon soket da kanta take fitowa idan an kulle, kuma a adana ta, don ranar da za a mayar da madabod sai an nemi a rufe soket da ita.

Af, shigar furosesa cikin soket ba ya nufin za ta yi aiki. Furosesocin Intel zubi na 6 da na 8 duk soket ɗin LGA 1151 suke shiga, amma madabod ɗin wannan ba ya ɗaukar wancan. A duba jerin furosesocin da madabod ɗin yake ɗauka, wanda kamfaninsa ya fitar, kafin a saya.

Sai ƙarfen sanyaya. Da yawa suna zuwa da leda manne a ƙasansu, wadda in ba a lura ba ba a ganinta. Na sha kwance fanka in tarar da ledar nan tana nan daram, an shafe ta da mai sosai, mai kwamfutar yana kukan tana mutuwa da ya buɗe wasa. Aikin man kawai ya cike ƙananan ramukan da ido ba ya gani tsakanin ƙarfe da ƙarfe, saboda iska ba ta wuce da zafi yadda ya kamata. Ɗigo ɗaya a tsakiya, kamar milimita 4 ko 5, ya ishi yawancin furosesa. In ƙarfen ya zo da nasa a shafe, kada a ƙara.

Ɗaurin sukuru ya fi yawan man muhimmanci. Kada a ƙure ɗaya kafin a taɓa sauran. A juya wannan kaɗan, a tsallaka na kusurwar da ke kallonsa, a yi ta zagayawa har duka su tsaya. In aka ƙure gefe ɗaya, ƙarfen ya kan zauna a karkace, man ya gudu gefe. Wayar fanka kuma gurbin da aka rubuta CPU_FAN za ta shiga. Tashin farko a shiga BIOS, wato shafin saitin madabod, a kalli zafi da gudun fanka. Furosesar AMD ta Ryzen 7000 an yi ta ta kai digiri 95 a aiki mai nauyi ba tare da illa ba, amma in kwamfuta tana zaune ba ta komai lambar tana ta hawa, a kashe a sake zaunar da ƙarfen.

Masu AM4 kuma, ranar cire fanka ku bar kwamfutar ta yi aiki na ɗan lokaci man ya yi laushi, ku kashe, ku zare wayar wuta, sannan ku murɗa ƙarfen kaɗan kafin ku ɗaga. In kuka fizge shi da sanyi, furosesar tana iya biyo shi daga soket ɗin da yake a kulle, allurai a lanƙwashe.

Na gode Edita.

Naku,
Wani mai gyaran kwamfuta