A Kawo Mana Wasan Bincike Mai Ban Dariya A Rediyo

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ara mini ɗan fili in yi magana da masu gidajen rediyonmu.

Tun da idona ya daina ganin ƙananan rubutu, da kunne nake karatu. Kwanakin baya jikata ta sa mini wani wasan kwaikwayo a waya, na tashar BBC Radio 4, wanda aka fara watsawa a 2004. Daga littattafan Alexander McCall Smith aka ɗauko shi, waɗanda na farkonsu ya fito a 1998. Labarin Mma Ramotswe ne, wata mata a Gaborone ta ƙasar Botswana. Mahaifinta ya rasu ya bar mata shanu, ta sayar ta buɗe ofishin bincike. Ba bindiga, ba ankwa. Jarinta butar shayi, da 'yar farar mota, da iya sauraron mutane.

Ga wanda ya tsaya mini a rai. Wani tsoho ya tare a gidan wata mata ya ce shi ne ubanta da ya ɓace, yana ci yana sha yana ba da umarni. Sai Mma Ramotswe ta yi shigar nas, ta zo a guje ta ce 'yarsa ta yi haɗari, jinin uba kaɗai zai cece ta, kuma za a ɗiba da yawa har ba lallai ya tashi ba. Nan take baba ya ce shi fa ba ubanta ba ne! Na yi dariya har da hawaye. Ban ga fuskarsa ba, amma na san ƙarya ta ƙare tun daga yadda muryarsa ta karye.

Abin da rediyo ya fi talabijin da shi ke nan. Mai sauraro shi ma ɗan bincike ne: yana auna tari, da shiru, da ƙarar ƙyaure.

To mu me ya hana mu? Mu da muka tashi da Samanja da Zaman Duniya Iyawa Ne a Rediyon Kaduna mun san Bahaushe gwani ne a wannan fage. Amma yanzu sau da yawa sai a ba mutum ɗaya littafi ya yi ta karantawa, shi ne miji, shi ne mata, shi ne ɓarawo. Ina jin daɗinsa, amma ba wasan kwaikwayo ba ne.

Labari kuwa ga shi nan birjik: kuɗin adashi da suka yi ɓatan dabo, ragon layya da aka wayi gari babu, mai neman aure da gidan aro. A samo wata Hajiya mai dillanci da ta san ƙofar kowane gida, a ɗora mata binciken. Marubutanmu na Kano da Zariya za su iya rubutawa. Minti ashirin bayan sallar isha'i ya wadatar, mako-mako, kuma don Allah kada a fallasa ɓarawon sai sati na gaba.

Wassalam,
Wata malamar makaranta mai ritaya,
Tudun Wada, Zariya