Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Cocin Methodist Ta Najeriya

Ranka ya daɗe Baba,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Mu magina ne da masu zanen gini, kuma damuwarmu tsofaffin majami'un da ke hannunku.

A 1768 mabiya Methodist suka gina Wesley Chapel a titin John da ke New York, ginin dutse mai tsawon ƙafa 60 da faɗin ƙafa 42. An ruwaito cewa a lokacin doka ba ta yarda waɗanda ba 'yan cocin Ingila ba su gina majami'a, sai aka yi masa murhu da bututun hayaƙi don ya shiga lissafin gidajen zama. Philip Embury, mai wa'azi kuma kafinta, da hannunsa ya haɗa mumbarin. A 1817 aka rushe shi, na biyun da aka gina a gurbinsa ma faɗaɗa titi ya ci shi, wanda ke tsaye yau na 1841 ne. Wannan murhun, da duk labarin da yake ɗauke da shi, ya tafi tare da bangon.

Mu ma ba mu tsira ba. Ilojo Bar, wani tsohon gini a Legas, ya shiga cikin gine-ginen tarihi na ƙasa a 1956, amma aka baje shi a 2016. Cocinku da ya kafu a Badagry tun zuwan ɗan mishan Thomas Birch Freeman a 1842 bai kamata ya jira irin wannan ranar ba.

Ranka ya daɗe, galibi ruwa ne ke kashe tsohon gini, ba shekaru ba. Indararo ya toshe, ruwa ya bi bango, kan katakon rufi da ke cikin bangon ya jiƙe, gara ta samu ƙofa. Sai a kira birkila ya shafe ko'ina da siminti, a nan ake yin babbar ɓarna. Siminti yana kulle danshi a ciki, gishiri ya taru a bayansa, tubalin ya riƙa zubewa kamar gari. Bangon da aka gina da farar ƙasa, da ita ake gyara shi: awo 1 nata, awo 3 na yashi, a riƙa yayyafa ruwa kada ya bushe da gaggawa.

Muna roƙon ku ba da umarni a share indararo kafin kowace damina, a kuma gangarar da ƙasa nesa da gindin bango. Inda bango ya tsage a sa alama da kwanan wata, a auna duk wata. In tsagar tana buɗewa, ko ta wuce milimita 5, a kira injiniya. Kada kuma wani kwamitin gini ya ɗaga guduma sai an auna majami'ar an zana ta, an ɗauki hoton kowace taga da mumbari, takardun sun iso ofishinku.

Naku cikin ladabi,
Wasu magina da masu zanen gini