Muhawarar Likitoci Kan Yaran Da Ke Cikin Ƙuncin Jinsi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka in yi tsokaci kan muhawarar da likitocin Turai da Amurka ke tafkawa game da yaran da ke shiga matsanancin ƙunci saboda suna jin jinsin da aka haife su da shi bai yi daidai da abin da ke ransu ba.

A Ingila, yaran da ake turawa asibitin Tavistock da ke Landan kan wannan matsala ba su kai 250 ba a shekarar 2011 zuwa 2012, amma bayan shekara goma sun haura 5,000. Hukumar lafiya ta ƙasar ta ɗora wa Dakta Hilary Cass, ƙwararriyar likitar yara, alhakin bin diddigin lamarin, kuma rahotonta na watan Afrilun 2024 ya nuna cewa hujjojin da ake dogaro da su wajen ba yara magungunan dakatar da balaga ba su da ƙarfi. Finland da Sweden sun riga sun karkata ga fara kula da lafiyar tunanin yaro, alhali ƙungiyar likitocin yara ta Amurka tana nan kan matsayinta na 2018, wato a gaskata abin da yaro ya faɗa game da kansa, a tallafa masa a kai.

A ganina, shawarar Cass ta a duba lafiyar yaro gaba ɗaya, a ba zaman tattaunawa muhimmanci, ta fi kusa da hankali, domin da yawa daga cikin yaran nan suna zuwa ne ɗauke da ciwon damuwa, ko fargaba, ko lalurar otizim mai wahalar wa yaro cuɗanya da mutane, wasu kuma sun taso a hannun riƙo. Yarinya 'yar shekara 13 da ta daina barci, ta daina zuwa makaranta, tana bukatar likitan da zai zauna da ita da iyayenta ya saurari labarinta gaba ɗaya, kada maganar jinsi ta rufe sauran ciwon da ke cinta.

Sai dai masu adawa da wannan hanya suna da hujjar da ban yi mata kallon raini ba. Suna tsoron kada zaman tattaunawa ya rikiɗe ya zama matsin lamba don a tilasta wa yaro sauya tunani, abin da manyan ƙungiyoyin likitoci suka ce yana cutarwa. Tsoron nasu yana da tushe, kuma Cass da kanta ta yi tir da irin wannan tilasci. Likitan da ya yanke hukunci tun kafin yaro ya buɗe baki ya ci amanar aikinsa, ko ta wane ɓangare ya karkata.

Abin da ya fi damuna shi ne, binciken da Jami'ar York ta yi wa kwamitin Cass ya gano cewa ita ma hanyar tattaunawar ba a yi mata ingantaccen nazari ba. Don haka ya wajaba masu goyon bayanta, har da ni, mu nemi a auna ta da ma'aunin da aka auna magungunan, a bi rayuwar yaran shekaru masu yawa bayan sun bar asibiti.

Wassalam,
Wani mai karatu daga Zariya