A Riƙa Tambayar Dattawa Kafin A Yi Musu Rigakafin Shawara

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku domin in ja hankalin ma'aikatan lafiya kan allurar rigakafin zazzaɓin shawara, musamman yadda ake yi wa dattawanmu maniyyata aikin Hajji, waɗanda da yawansu ba su taɓa karɓarta ba sai da tafiya ta taso aka nemi katin shaida.

Ba ina kushe allurar ba ne. Tun shekarar 1937 da Max Theiler ya samar da ita ake amfani da ita, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa sau ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Wanda ya ga ɓarkewar cutar a yankin Alƙaleri na Jihar Bauchi a 2019 ba zai yi wasa da ita ba, domin kusan rabin waɗanda ciwon ya tsananta musu ba sa tashi.

Sai dai allurar tana ɗauke da ƙwayar cutar mai rai wadda aka raunana, saboda haka a jikin wasu 'yan kaɗan, ƙasa da mutum ɗaya cikin dubu ɗari, ƙwayar kan yaɗu ta taɓa hanta da ƙoda tamkar ainihin cutar, lamarin da aka fara bayar da rahotonsa a 2001. Wasu kuma takan jawo musu kumburin ƙwaƙwalwa. Haɗarin ya fi yawa ga wanda ya haura shekara 60 kuma karonsa na farko ke nan, da mai raunin garkuwar jiki, da wanda cin ƙwai ke tayar masa da mummunan borin jini, tunda a cikin ƙwan kaza ake rainon ƙwayar. Jaririn da bai kai wata shida ba kuwa sam ba a yi masa.

Abin da ke damuna shi ne layi yakan yi tsawo, a yi ta tsira allura ba tare da an tambayi Alhaji shekarunsa ko magungunan da yake sha ba, alhali tambayar ba ta cin minti biyu. Ya kamata kuma a gaya wa kowa cewa idan zazzaɓi mai zafi, ko amai, ko rawayar ido, ko ruɗewa suka biyo baya cikin wata guda, to a garzaya asibiti a ambaci allurar, likita kuma ya kai rahoto ga hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, wato NAFDAC.

Wassalam,
Wani mai karatu daga Bauchi