Gidaje 17 da Baƙi 300: Abin da Ya Faru a Tsibirin Fair Isle

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina yi muku fatan alheri, kai da abokan aikinka. Ni ɗan Katsina ne, aikin jinya ya kawo ni Aberdeen a ƙasar Sikotlan, kuma ina roƙon ɗan fili a shafinku na tarihi.

A watan jiya na shiga jirgin ruwan dare zuwa Lerwick, babban garin tsibiran Shetland. Hanyar takan bi ta kusa da wani ɗan tsibiri mai suna Fair Isle, wanda tsawonsa bai wuce kilomita 5 ba. Wani dattijo da muka zauna tare ya ce mini a gindin duwatsun nan jirgin Sifaniya ya farfashe. Da na sauka sai na nufi gidan tarihin garin, na bi diddigi, kuma har yau zancen bai bar raina ba.

A makaranta an koya mana cewa a 1588 Sarki Philip na Biyu na Sifaniya ya tura jirage kusan 130 don ya ci Ingila da yaƙi, bai yi nasara ba. Iyakar abin da na sani ke nan. Ashe da suka juya, hanyar gida ta toshe, dole suka zagaya ta arewacin Sikotlan, iska da igiyar ruwa suna ta cin su. Cikinsu akwai El Gran Grifón, jirgin kaya mai tafiya da iska, ɗan garin Rostock na Jamus, ɗauke da igwa 38, ƙarƙashin Juan Gómez de Medina. Ya riga ya sha harbi a yaƙin, ruwa na shiga ta ko'ina, ga kuma mutanen wani jirgi da ya nutse da ya kwasa a hanya. A ƙarshen Satumba ya maƙale a wani lungun dutse na tsibirin Fair Isle da ake kira Stroms Hellier. Mutanen suka hau dogayen sandunan jirgin, suka tsallaka kan dutse. Kusan 300 suka tsira da rai, abinci kuwa ya tafi da jirgi.

Nan ne inda nake so masu karatu su tsaya su yi lissafi. Gidaje 17 ne kacal a tsibirin a lokacin. Cimarsu kifi ne da ɗan wainar sha'ir. Babu itace, sai busasshiyar ƙasar fadama suke yankawa kamar tubali su hura wuta. Sanyi na ƙaratowa, kuma abin da suka tanada na su da 'ya'yansu ne. Duk wanda ya taɓa auna hatsin rumbu ya ƙirga watannin da suka rage kafin kaka ya san nauyin wannan. Ga shi baƙin sojoji ne masu makamai, yarensu daban, ɗariƙarsu daban. A haka suka zauna tare fiye da mako 6. Shanu da tumakin tsibirin suka yi ta ƙarewa, ko da yake an ce baƙin suna biyan kuɗin abin da suka ci. To, amma kuɗi ba ya ciwuwa a wurin da babu kasuwa.

Ba zan ɓoye ɗacin labarin ba. Kimanin 50 daga cikin baƙin yunwa da sanyi da raunuka suka kashe su, kuma har yanzu akwai wurin da ake kira kaburburan Sifaniyawa a kudancin tsibirin. Akwai ma zancen baka cewa da wuya ta yi wuya, wasu sun ɓoye dabbobinsu. Ni ban ga laifinsu ba. Uwa ce ke duban ɗanta tana duban baƙo.

A watan Nuwamba aka samo jirgi ya kwashe sauran zuwa Shetland, daga nan zuwa garin Anstruther da ke gaɓar teku a gabashin Sikotlan. Limamin cocin garin, James Melville, ya rubuta yadda suka iso a galabaice, mutanen gari suka ba su miya da kifi. Shi ne kuma ya rubuta cewa bayan Gómez de Medina ya koma gida, ya tarar an tsare wani jirgin 'yan Anstruther, ya tsaya tsayin daka har aka sake shi.

A 1970 masu nutso, cikinsu har da Colin Martin, suka gano ragowar jirgin, suka tsamo igwa da harsasai. A 1984 wata tawaga daga Sifaniya ta je ta kafa gicciyen ƙarfe a maƙabartar tsibirin don tunawa da mamatansu. Sunayen sarakuna da kwamandoji duk suna cikin littattafai, amma na duba ko zan ga an jera sunayen masu gidajen nan 17, ban gani ba, kuma abin ya sosa mini rai.

Yau mutanen tsibirin ba su kai 100 ba. Idan Allah ya kai mu bazararsu, lokacin da teku ke ɗan lafawa, ina da niyyar shiga ƙaramin jirginsu daga tashar Grutness da ke Shetland in je in tsaya a bakin Stroms Hellier. In kun ba ni dama, zan aiko muku da hotuna.

Naku,
Mai karanta jaridarku daga Aberdeen