Gashi ba ya tayar da kansar hanta, ku gayyato likita ya yi bayani

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina yi muku fatan alheri, ku da ma'aikatanku.

A shirinku na kiwon lafiya, wani mai kira ya ce duk wanda kansar hanta ta kama kada ya yarda a yi masa gashi, wato kashe ƙwayoyin kansa da haske mai ƙarfi, wai gashin ne ke tayar da ciwon ya bazu. Maganar ta wuce ba a gyara ba, kuma ina tsoron wasu iyalai su riƙe ta su kwashe majinyacinsu su koma gida.

Ga yadda abin yake. Ƙari, wato dunƙulen ƙwayoyin kansa, ba ya girma ya wuce milimita 1 ko 2 sai ya samu hanyoyin jini nasa na kansa. Likita Judah Folkman na Amurka ya kawo wannan bayani tun 1971. Idan ƙwayoyin da ke tsakiyar ƙarin suka rasa iskar oksijin, sai su saki wani sinadari mai suna VEGF, wanda ke sa jijiyoyin da ke kusa su yi tsiro su shigo da jini. Kansar hanta ta ƙware a wannan aiki. Lafiyayyar hanta tana samun kusan kashi uku cikin huɗu na jininta daga jijiyar da ke tasowa daga hanji, shi kuwa ƙarin sai ya maƙale wa ɗaya jijiyar, mai kawo jini daga zuciya cike da oksijin.

Hasken gashi yana kakkarya DNA, wato sinadarin gado da ke cikin ƙwayar kansa, ta kasa rabuwa, ta mutu. Sai dai ya fi cin ƙwayar da ke da oksijin. Wadda ba ta da shi takan jure kusan ninki uku. Ƙwayoyin da suka tsira kuma sukan ƙara sakin VEGF don su ceci jijiyoyin da hasken ya taɓa. To a nan mai kiran ya taɓo gefen gaskiya, amma ya saki babbar. Ƙarin da aka ƙyale ba gashi shi ma sinadarin yake saki dare da rana, kuma bai samu hasken da zai rage masa ƙwayoyi ba.

Likitoci sun san da wannan dabara ta ciwon. Tun 2007 aka amince da sorafenib, maganin da ke toshe wannan kira na jijiyoyi, a 2020 kuma aka amince da haɗin magungunan bevacizumab da atezolizumab, ana kuma ci gaba da binciken haɗa irinsu da gashi. Shi kansa gashin ya canza. A da ana gudunsa saboda hanta ba ta jure haske idan ya game ta duka. Yanzu ana auna ƙarin shi kaɗai a zama 3 zuwa 5, ko a tura ƙananan ƙwayoyi masu haske ta jijiyar da ke ciyar da shi. Ba kowa ne zai dace ba, musamman wanda hantarsa ta riga ta ƙanƙance, kuma likita ne zai tantance.

Abin da ya fi damuna shi ne mutanenmu ba sa zuwa asibiti sai ciki ya kumbura, ido ya yi ɗorawa, ga injinan gashi ƙalilan ne a duk Najeriya. Wanda Allah ya sa ya samu layi bai kamata jita-jita ta kore shi ba.

Don Allah ku gayyato likitan kansa ya yi wannan bayani da Hausa. Ya kuma yi magana kan gwajin ciwon hanta nau'in B, da rigakafinsa da ake yi wa jariri cikin awa 24 da haihuwa, da gubar fumfunar da ke kama gyaɗa da masara idan an adana su da danshi, don nau'in B da wannan guba su ne manyan masu jawo mana kansar hanta. Ku bar layin waya a buɗe ranar, masu jinya su yi tambaya da bakinsu.

Wassalam.

Naku,
Mai sauraro daga Zariya